Jan-baki a Jakar Hajiya Maimuna

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Jabez ne, shugabansu, ya banke ƙofar sito a Cheetham Hill da la'asar sakaliya, bindiga a hannu, fuska a rufe. Ethan na waje cikin mota, inji na kunne. Na ukunsu kuwa Nazir, ɗan Hajiya Maimuna ta Small Heath, wanda uwarsa ke zaton yana jami'a yana karatun haɗa magani. Tun daga Birmingham suka tuƙo, don a Manchester ba wanda ya san su.

Ma'aikata biyu suka zube.

"Makullin ɗakin wayoyi!"

Ɗaya ya nuna lungu. Ga makullin can rataye a ƙusa. Ga kuma wani dattijo ƙarƙashinsa a kan kwali, ya kalli bango, ya riga ya ta da kabbara. Malam Sanda ke nan, mai kula da kaya. Hularsa zanna ce, irin ta marigayi mahaifin Nazir.

"Ɗauko, Naz!"

Nazir ya yi taku uku, ya tsaya cak. Hanya ɗaya ce, tsakanin dattijon da bango.

To, bari in gaya muku, 'ya'yana. Yaron nan ya sha abin da ya sha, ya yi ƙarya, ya shekara uku goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Amma tun yana rarrafe uwarsa ke fizgo shi daga gaban mai salla. Kai ya manta, ƙafa ba ta manta ba.

"Salla yake. Minti biyu."

"Minti me? Ka haukace?"

"Ya kusa, wallahi. Raka'a ɗaya."

"Sai ka jira ya haɗa maka shayi, ɗan mama!"

Jabez mutum ne mai alfahari da harsashinsa. Ba irin na kowa ba ne, an lulluɓe kansa da wani jan fenti mai santsi, shi ya sa suke ce masa jan-baki. A garejinsa na Erdington yakan jera su a tebur kamar mai tallar alewa. "Ba hayaƙi, ba ya ɓata bindiga, ba ya baƙanta hannu. Marasa nauyin nan na harbin gwangwani ne. Masu nauyin, na mai taurin kai." Da safiyar nan ya dafa kafaɗar Nazir ya rantse ba za a harba ko ɗaya ba. Masu nauyin ya ɗura.

Malam Sanda ya yi ruku'u. Bai yanke ba.

Can nesa jiniya ta fara. Ethan ya danna hon — sau ɗaya, sau biyu!

"Ka ture tsohon nan ko in ture shi!"

Jabez ya zagaya ta gefen kwalaye, ya ɗaga hannu. Nazir ya ga yatsan ya motsa.

"Jabez, kada—"

Nazir ya yi tsalle ya shiga tsakani. Tau! Tau!

Ranar ce ya fara gitta gaban mai salla.

Jabez ya tsallake shi kamar buhu, ya bar makullin, ya faɗa mota. Ba wanda ya waiwayo.

Malam Sanda ya sallame, ya cire abin da ya rufe fuskar Nazir, ya ɗora kan yaron a cinyarsa.

"Baba... yi haƙuri, na wuce ta gabanka."

Jin Hausa, dattijon ya fashe da kuka. "Ɗan wa ne kai, ɗana? Ɗan wa?"

Kalmar shahada dai ya laƙƙana masa, leɓen ya bi shi har rabi.

Kwana biyu bayan haka wata 'yar sanda ta zauna a falon Hajiya Maimuna, ta ajiye hoton abin da likita ya ciro daga jikin Nazir.

"Irin wannan ba shi da yawa a ƙasar nan, Hajiya. Kin taɓa ganinsa?"

Hajiya ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo jakarta, ta zuge ƙaramin zif, ta fito da wani ɗan jan abu, sumul, ba ko ƙwarzane. Ta ajiye kusa da hoton.

"Watan jiya na tsince shi a aljihun wandonsa, zan yi wanki. Na ce, Nazir, jan-bakin wace yarinya ce wannan? Ya yi dariya, ya ce, Umma ke dai! Na ɓoye. Na ce ranar da ya kawo ta gida zan fito da shi in ba su kunya."

'Yar sandan ta sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce, "Akwai wani abokinsa dogo, Jabez, a Erdington. Sau biyu ya ci tuwona a nan inda kike zaune. Har ƙari ya nema."

Kafin azahar aka kama shi a garejin, jajayen na jere a tebur. Ethan kuwa, tun ba a tambaye shi ba ya faɗi komai.

An sa jan abin nan a leda an tafi da shi. Har yau, in Hajiya ta buɗe jaka neman katin bas, sai yatsanta ya fara shiga ƙaramin zif ɗin.