Zane Na Bakwai

"Wannan gida ne ko akwatin talabijin?" Baba ya faɗa yana juya takardar. "Gilashi gaba, gilashi baya! In Mamanku ta yi atishawa sai duk unguwa ta ce mata sannu!"

Auta na laɓe bayan labule, idonta ya cika da ƙwalla. Zane na shida ke nan da Baba ya mayar wa saurayinta. Ko na biyar ne? A'a, na shida ne, na biyar shi ne mai matattakala kamar katantanwa.

Baba tsohon magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo. Unguwarsu duk ta koma sababbin gidaje masu faffaɗan tagogi, sai yayyen Auta suka ce a rushe nasu a sake. Ana cikin haka saurayin nata, wani mai zana gidaje da ake kira Mai Zane, ya zo neman aurenta. Baba ya ce, "Mutumin da bai taɓa kwaɓa siminti ba! To, zana mana gidan da ba zan ga aibunsa ba, in ba ka 'yata."

A bakin get Mai Zane ya naɗe takardarsa. "Auta, wallahi na gaji. Wannan dizayin fa har a ofis an tafa mini!"

"Ofis ɗin ne zai kwana a ciki?" ta ce tana share ido. "Kai fili kake ta aunawa. Zo ka auna mutanen gidan mana."

Kwana bakwai yana zuwa, ba biro ba takarda. Auta ta riƙa zungurar sa. "Dubi Mama." Ya ga Mama na dafa gwiwa kafin ta hau dakali. Ya ga 'yar tagar kicin inda take miƙa wa maƙwabciya gishiri, su ɓata awa guda suna hira. Ya ga Baba na jan kujera yana bin hantsi.

Ranar zane na bakwai Baba ya ɗora tabarau.

"Ina benen?"

"Babu, Baba. Gwiwar Mama ba ta so."

"Wannan barandar ta gabas fa?"

"Ta shan hantsinka ce. Ka huta da jan kujera."

"Wannan 'yar tagar da ta ɓata maka kwalliya?"

"Ta hira da maƙwabciya ce."

"Kai, yaron nan!" Mama ta rufe baki tana dariya.

Yatsan Baba ya tsaya a ƙofar falo. "Tsohon katako a sabon gida?"

"Ƙyauren da ka riƙa auna tsayin 'ya'yanka ne, kana shata shi da ƙusa. Ba abin yarwa ba ne."

Baba ya ƙura wa zanen ido. Sannan ya cire tabarau ya goge.

"Akwai aibi."

Auta, da ke laɓe bayan labule, ta kasa kunne.

"Ƙyauren nan ya cika da shaida tun daga ƙasa har sama. To, a ina zan auna jikokina? Ƙara wani a gefe, surukina, kada ka sa ni magana biyu!"

Auta ta manta laɓe take, ta yi tsalle har labulen ya tsinko a kanta. Dariya ta cika falo.

Haka haƙuri ya yi musu rana. Gida, ai ba bulo ba ne, yara. Wanda ya san masu gida, shi ya iya zana shi, kuma shi ya cancanci 'yar gidan.