Giɓi a Taswirar Yalwan Damai

Da hantsin wata Litinin, bayan ruwa ya ɗauke, aka kawo wa Sufeto Rabi'u ƙarar wata sata da ya ji kamar ya kori mai ƙarar. Abin da aka sace bai kai farcen babban yatsa ba. Memori ne na ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ke ɗaukar hoto daga sama.

Rabi'u bai taɓa yarda da abin da sai an sa masa caji yake aiki ba, wayarsa ma mai madannai ce. Ga shi kuma ransa a jagule, domin a makon ne za a koma kotu da Ɗan'azumi.

Ɗan'azumi manomin shinkafa ne a wani ƙauye na Yalwan Damai. Da damina aka fasa jingar da ke tsare ƙauyen daga kogi, ruwa ya shiga gidaje, katanga ta faɗa wa mahaifiyarsa Inna Hajjo, ta rasu. Kowa ya san gonarsa tana ɓangaren kogi, inda jingar ke tara ruwa a kan shinkafa, kuma an sha jin sa a majalisa yana cewa wata rana sai ya fasa ta. Jama'a suka yi masa ca, Rabi'u ya jefa shi a mota tun kafin a yi wa gawar wanka. Tun daga ranar yake tsare, yana rantsuwa, ba mai sauraro.

Matarsa Barira ta mayar da gindin dalbejiyar ofishin 'yan sanda wurin zamanta. Ba ta roƙo, ba ta zagi, gaisuwa kawai take yi, kuma gaisuwar nan ta fi zagi ci wa Rabi'u rai. Don ya huta da idonta ne ma ya ɗauki hularsa ya bi mai ƙarar.

Mai ƙarar Madam Rose ce, shugabar wata 'yar ƙungiya da ke zana taswirar wuraren da ambaliya ke ci a Birnin Kudu da Gwaram. Ofishinsu ɗaki biyu ne a bayan kasuwa. Rabi'u ya duba ƙofa, ya duba taga, ba inda aka taɓa. Kwamfutoci suna nan, jirgin kansa yana cikin akwatinsa. An buɗe durowa da mukulli, an ɗauki memorin, an mayar an kulle.

"Wa ke da mukulli?"

"Ni da Ikrima, mai tuƙa mana jirgin. Baba Maikuɗi maigadi na ƙofar waje kawai ke hannunsa."

"Me ke cikin memorin?"

"Asalin hotunan damina gaba ɗaya, Yallaɓai. Amma mun riga mun haɗa su a kwamfuta, mun yanka taswirar falle-falle. Na ƙirga fallayen da safen nan, ba wanda ya ɓace."

Rabi'u ya ɓantari goro. Ɓarawon da ya tsallake jirgi da kwamfuta ya ɗauki abin da ake da madadinsa, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Baba Maikuɗi ya rantse bai motsa daga ƙofa ba duk ƙarshen mako. Da aka matsa masa sai ya tuna ya ɗan je walimar jikarsa ranar Asabar, kuma "ɗan" nan ya kai daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Ikrima kuwa saurayi ne mai sanyin murya, ɗan Fagam. Ya ce a gida ya yi hutunsa. Da Rabi'u ya tambaye shi ko akwai wani a ƙauyukan da suka ɗauka da zai ƙi a ga gonarsa daga sama, sai ya ce shi bai san kowa a ƙauyukan Birnin Kudu ba, aiki kawai ke kai shi.

Rabi'u ya sallame shi, ya koma kan Rose. Ya ce shi dai ya san ana ƙirga buhu ya cika alhali wani yashi ne a ciki. Ta yaya ta tabbatar kowane falle shi ne abin da sunansa ya ce?

Rose ta ja kujera. Ta ce dama a ranar take shirin haɗa fihirisa. Kowane falle hoton ɗan yanki ne na ƙasa, kamar tayil ɗin tsakar ɗaki, kuma sun yi yawan da ba mai iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Fihirisa ita ce za ta nuna wane falle ne ya rufe wane wuri.

Ta buɗe wani baƙin allo wanda ba hoto, ba abin dannawa, sai ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ta rubuta wani umarni mai suna gdaltindex, ta ba fihirisar suna, ta sa alamar tauraro mai nufin a bi duk fayilolin da ke wurin. Rubutu ya yi ta gudu zuwa sama. Rabi'u ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu, yana kallon allon da irin idon da yake kallon wanda ake tuhuma.

Da ta buɗe sakamakon sai ga murabba'ai sun jeru gefe da gefe, shuɗi-shuɗi, sun bi kogi daga Birnin Kudu har Gwaram. Ko shi da bai san kan abin ba ya ga matsalar. A wani wuri akwai giɓi fari fat, kamar an cire haƙori. Can nesa kuma, wajen Kwandiko, wani murabba'in ya fi 'yan uwansa duhu.

"Wannan guda biyu ne, ɗaya a kan ɗaya," in ji Rose. Muryarta ta sauya.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Umarnin ba ruwansa da sunan fayil. Ciki yake shiga ya karanta lambobin da ke nuna inda hoton yake a doron ƙasa, ya zana iyakarsa a can. Wani ya kwafi fallen Kwandiko, ya laƙaba masa sunan wani fallen, ya danne na ainihin da shi don lissafi ya cika. Suna ya sauya, amma hoton bai manta garinsu ba. Memorin kuwa an ɗauke shi ne don kada a sake haɗo abin da aka goge.

"Da ke ce kika yi, haka za ki yi?"

"Da ni ce, Yallaɓai, har lambobin ciki zan gyara, ba za ka taɓa gani ba," ta amsa, da ɗan jin haushi. Ta ƙara da cewa Ikrima ya haddace sunayen fallaye saboda suna bin layin da yake tuƙa jirgi, amma baƙin allon nan bai taɓa son sa ba.

"Giɓin nan ina ne?"

Ta matso da shi. Yalwan Damai ne, daidai bakin kogi. Ta duba ranar da aka ɗauki layin, ta faɗa masa. Da la'asar ne, ranar da jinga ta fashe.

Rabi'u ya ji goron bakinsa ya zama ƙasa.

Ya biya ta ofishin 'yan sanda, ya tsaya a gindin dalbejiya. Wannan ne karo na farko da ya yi wa Barira magana fiye da amsa gaisuwa. Ya ce ta shigo mota su je ƙauye. Ba ta tambayi dalili ba.

Rose ce ta ja su da wayarta, tana bin lambobin giɓin har suka tsaya a bakin wani wawakeken rami. Nan ne jingar ta fashe. Ruwa ya faɗaɗa wurin ya cinye komai, ba mai iya cewa ga inda aka soma sara. Rabi'u ya taɓa zuwa nan, amma a ranar ihun jama'a ya saurara, bai kalli ƙasa ba. Yanzu da ya kalla sai ya ga gonaki biyu ne ke jingine da wurin. Ɗaya ciyawa ta cinye ta, ta Ɗan'azumi ce. Ɗayar an girbe ta tsaf.

Ya tambayi Barira mai ita. Ta ce ta Malam Hadi ce.

Rabi'u ya san sunan. Malam Hadi ne dattijon da ya ba da shaida cewa da kunnensa ya ji Ɗan'azumi yana alwashin fasa jinga.

Rose ta ce ai sun sha zuwa ƙauyen da jirgi, ko Barira ta taɓa ganin su.

"Kowa ya gani. Ai Ikrima ɗan gida ne. Ɗan ƙanwar Malam Hadi ne, a hannunsa ya tashi tun da uwarsa ta rasu. Inna Hajjo ce ma ta yaye shi."

Suka koma mota.

Sun tarar da Ikrima a ofishin su Rose yana goge fikafikan jirgin da ba su yi datti ba. Rabi'u bai ɗaga murya ba. Ya juya masa allon kwamfuta, ya ɗora yatsa a kan giɓin.

"Ka ce ba ka san kowa a can ba."

Ikrima ya kalli farin wurin, ya kalli duhun Kwandiko. Ya buɗe baki zai yi wata ƙaryar, sai ya fasa. Ya cire rigar wayarsa, memorin ya faɗo a kan tebur.

"Na kai shi bakin rijiya sau biyu, Yallaɓai. Hannuna ya ƙi saki."

Ya ce ranar da ya tuƙa jirgin bai ga komai ba, layi kawai yake bi. Sai kwanan nan, yana duba fallaye, ya ga babur ɗin da aka koya masa tuƙi da shi. Ya san Ɗan'azumi na tsare. Ya san kuma wanda ya ciyar da shi ya sa shi makaranta. Ya zaɓi Kawu, kuma tun ranar abinci bai sake yi masa daɗi ba.

Rose ta sake haɗo fallen daga memorin. Ga jinga lafiya lau, ga ruwa ya kwanta a kan shinkafa. Ga jan babur a jingine, ga mutum da malfa ya duƙa da shebur, ga siririn ruwa ya soma bin sararsa. A gonar Ɗan'azumi babu kowa.

Malam Hadi yana shanya shinkafa a ƙofar gida da suka iso. Da ya hango Ikrima a bayan mota da ankwa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, bai jira an nuna masa hoto ba.

"Ku sake shi, ni ne."

Ya ce shinkafarsa ce ke nutsewa. Ya yi nufin ɗan buɗe wa ruwan hanya ya gangara tsohon kududdufi, ya toshe kafin magariba. Ƙasar ta riga ta jiƙa, ta kuɓuce masa. Da ya ji jama'a na kiran sunan Ɗan'azumi sai tsoro ya rufe masa baki, da aka nemi shaida kuma ya faɗi abin da ya taɓa ji, ya haɗiye abin da ya sani.

"Hajjo maƙwabciyata ce tun muna da ƙarfinmu," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Ni na haƙa mata kabari. Da shebur ɗin nan na haƙa."

Aka shigar da shi mota kusa da ɗan ƙanwarsa. Mutanen da suka yi wa Ɗan'azumi ca suna tsaye a bakin hanya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Rabi'u bai ga laifinsu fiye da nasa ba. Su ihu suka yi, shi ne ya sa hannu a takarda.

Da alƙali ya ga hoton ya ji bayanin Malam Hadi, aka sallami Ɗan'azumi. Rabi'u da kansa ya je ɗauko shi. A hanya ya yi ta shirya kalmomin ban haƙuri, yana gyarawa, yana sakewa, duk ba su yi masa ba.

Ɗan'azumi ya fito ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaida Barira, ya gaida Sufeto da ladabi. Rabi'u ya soma cewa a yi haƙuri, kuskure aka yi, sunansa ya wanku, gobe zai je ƙauyen ya faɗa da bakinsa a gaban kowa.

Ɗan'azumi ya saurare shi har ya gama. Bai yi maganar gona ba, bai tambayi wanda aka kama ba.

"Ranka ya daɗe, a ina aka binne ta?"

Rabi'u ya waiwayi Barira. Ta girgiza kai, mata ba sa bin gawa. Ya tsaya da mukullin mota a hannu. Wanda ya san tabbas zai iya nuna wurin shi ne wanda ya haƙa kabarin, kuma shi ya kulle shi da hannunsa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Shiga mu je mu tambaya."