Siminti a Bututun Unguwa

Sufeto bai gama shan shayinsa na safe ba aka kira shi. An tsinci wani injiniya a ramin da ake haƙawa a sabuwar unguwa, kansa a fashe, amma da sauran numfashi.

Ko da ya isa, an wuce da mutumin asibiti. Shugabar kwamitin unguwa ce ta yi masa bayani, gyalenta a kan hanci.

"Shawara biyu aka kawo mana, ranka ya daɗe. Ko kowane gida ya haƙa nasa sokawe, wato ramin ƙazanta, ko a ja bututu ɗaya ya kwashe ƙazantar kowa zuwa babbar magudana. Rijiyoyinmu na kusa da juna, sokawe zai ɓata mana ruwa. Muka zaɓi bututu."

"Su wa suka kawo shawarwarin?"

"Wa da ƙane, duk injiniyoyi. Na ƙanen muka ɗauka, shi ne kuma aka tsinta a ramin."

Sufeto ya sauka ramin ya haska bakin bututun da tocila. An ɗura masa siminti, ko gama bushewa bai yi ba. Ya ce wa Saje, wanda suka zo tare, ya rufe wurin da buhu, kada kowa ya ji.

Mai tankar kwasar masai suka fara kamawa, tunda bututu zai kashe masa sana'a. Ya rantse bai taka unguwar ba.

"To sawun tayar wa na gani a bakin ramin?" in ji Sufeto.

Mutumin ya sosa ƙeya. "Na zo da sassafe, in roƙi yaron ya sa ni a aikinsa. Kunya ta hana ni faɗa. Na tarar suna sa-in-sa da wani a ƙasa, sai na juya."

"Ka ga fuskarsa?"

"A'a. Na dai ji yaron yana cewa, 'Yaya, bari.'"

A barandar asibiti Sufeto ya sami wan, a tsaye nesa da dangi, hannuwa cikin aljihu. Kowa sai yabon ƙanen yake, yaro mai ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya faɗa, sai muƙamuƙin wan ya motsa. Sufeto ya san wannan motsin. Shi ma ya yi irinsa ranar da aka ƙara wa yaron da ya horar girma aka bar shi.

Ya ja shi gefe. "Yaushe rabonka da ramin?"

"Tun ranar taro ban koma ba. Ku nemi wanda ya toshe masa bututu, ku bar ni da abin da ya dame ni."

"Wa ya ce maka an toshe?"

Wan ya ƙara cusa hannuwansa cikin aljihu.

"Fito da hannunka."

Yatsun sun yi fari, sun tsattsage, irin cin da ɗanyen siminti ke yi wa wanda ya kwaɓa da gaggawa.

Wan ya zauna a benci.

"Ni na koya masa riƙe awo," ya ce a hankali. "Ni na kai shi wurin aiki na farko. Ranar taro na yi bayani, kowa na duba waya. Ya tashi, aka yi ta tafi. Da aka ce a ɗaga hannu, na waiwaya, sai ga hannun matata a sama. Nasa ta zaɓa. Innarmu kuwa tana ta murmushi, ko kallona ba ta yi ba."

"Sai ka ture shi."

"So na yi bututun ya gaza, su dawo su neme ni. Ya same ni ina ɗurawa, ya riƙe ni. Na fizge."

Saje ya sa masa ankwa. Sun kai bakin ƙofa wan ya tsaya.

"Ya farfaɗo?"

"Ɗazun nan," in ji Sufeto. "Likita ya tambaye shi abin da ya faru. Ya ce shi ya zame da kansa."

Wan ya sunkuyar da kai. Saje ya shigar da shi motar 'yan sanda.