Hotunan da Suka Yi Duhu

Wani mai hoto ya kafa kyamara a saman benen gidansu, ta yi ta ɗaukar titinsu daga la'asar har dare. Da ya zo haɗa hotunan, sai ya tarar wasu sun yi baƙi ƙirin ba dalili, haske sai ƙyaftawa yake.

Ya ja tsaki, ya ƙara wa ɗaya haske.

Sai ga wata mata tsaye ƙarƙashin fitila, ba ta da inuwa. A na gaba tana bakin ƙofarsu. A na ƙarshe ƙofar a buɗe take, ba kowa.

Ƙanwarsa ta leƙo allon ta ce, "Lah, Yaya, ai baƙuwar da ke falo ce! Ta ce kada in kira ka, da kanka za ka gan ta."