Ƙoran Gidan Gajiyayyu

Rana na shirin faɗuwa Shadrak ya baro cikin garin Kontagora a kan kekensa, ya kama hanyar Beri. Aikin da ya rage masa ƙarami ne. Zai ɗauko gwaggonsa Magdalena daga gidan gajiyayyu, su kwana a gari, washegari su bi motar kaya zuwa Rijau.

Gidan na mishan ne. Wata Baturiya ce ta gina shi a bakin daji saboda tsofaffi da makafi da kutare, waɗanda danginsu suka gaji da su. Da yaƙi ya ɓarke aka fara ɗibar samari soja zuwa ƙasar Bama, Baturiya ta koma ƙasarsu, taimako ya yanke. Mazauna gidan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Magdalena kaɗai. Makauniya ce, ita ta goyi Shadrak bayan rasuwar uwarsa, kuma shi ya kai ta can da hannunsa, yana cewa na ɗan lokaci ne. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Yau dai zai mai da ita gida.

Mishan ta ɗora masa sayar da wurin, ya kuwa sami mai saye, Maikuɗi, ɗan kasuwar gyaɗa mai neman inda zai jibge buhuna. Maikuɗi ya ce yana so ya tarar da wuri tsaf. Shadrak kuma mutum ne mai son a yaba masa. Tun da safe ya share ɗakuna, ya ga tsofaffin ƙorai jere a kife a gindin katanga, duk sun yi ƙura. Ya wanke su tas, ya shanya su baki sama, ya tafi gari a ƙulla ciniki. Gwaggo na barci a lokacin. Ina ma ya tashe ta ya tambaya!

Tun daga ƙofar gidan ya ji wari. Warin maganin aidin ne da na tsohon gyambo, wanda ya tabbata ya wanke da safe. Gyare na ta kuka a daji, amma cikin gidan tsit.

Ya jingine keke. Sai ya ji tari, irin busasshen nan na tsoho. Wani tarin ya amsa daga can kusurwa.

Ya tarar da gwaggo a tsugune bakin ɗakinta, ta ƙanƙame ƙunshin kayanta.

"Gwaggo, baƙi kika yi?"

"Yi a hankali," ta ce cikin raɗa. "Ɗana, wa ya buɗe ƙoran?"

"Ni ne. Wanke su na yi."

Ta dafe kai. "Wayyo Yesu! Mu nan ba mai yi mana makoki. Wanda ya mutu, ko Musulmi ko Kirista ko mai tsafi, ƙwaryarsa muke kifewa, mu faɗa masa rabonsa ya ƙare. Kai kuma ka kira su cin tuwo. Tun la'asar suke zaune."

Shadrak ya juya ya dubi katanga. Ba kowa. Amma a gaban kowace ƙwarya ƙasa ta lotsa, kamar inda mutum ya daɗe a zaune.

Ƙwarya ɗaya ta motsa. Ƙar, ƙar. Ƙarar dungulmin hannu ne yana kankarar ƙwaryar da ba komai a ciki.

"Mu gudu, Gwaggo."

"Kai ka buɗe, kai za su bi har Rijau. Kama hannuna. Sun san muryata."

Ya kai ta gindin katanga. Ta durƙusa, ta shafa bakin ƙwaryar farko, ta gane ta da tsagar wuƙar da ke jiki.

"Bappa, ka ci rabonka. Sauka lafiya."

Ta kife. Wani dogon numfashi ya wuce ta gefen kunnen Shadrak, mai sanyi, mai warin taba.

"Asibi, kin ci rabonki. Sauka lafiya."

Tsohuwa ce, ga ƙoran da yawa. Sai ta shafa, ta tuna, ta kira suna. Hasken yamma kuwa ba ya jiran kowa. Sauran da ba a kai kansu ba suka fara gajiya da jira.

Ya ji jan gindi a ƙasa. Ya ji sanda na ƙwanƙwasa dutse, tana matsowa.

"Malam," wata murya ta ce daga wajen gwiwarsa. "Tuwo."

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi ƙoƙarin addu'a, kalmomin suka watse.

"Kada ka amsa," in ji gwaggo. "Haggai, ka ci rabonka."

Wani abu ya kama wuyan hannunsa. Ba yatsu, dungu ne kawai, amma riƙon ya fi na maƙeri. Nan take yunwa ta sauko masa, irin wadda bai taɓa ji ba. Wani dungun ya dafa cikinsa.

"Tuwo, Malam."

Ya kasa daurewa. Ya fizge, ya bi layin da gudu yana kife ƙoran da hannu bibbiyu, ba suna, ba sallama. Ya kife ta ƙarshe ya faɗi yana haki.

Tsit.

Gwaggo ta rarrafo tana lalube, ƙwarya bayan ƙwarya, har ta kai ta ƙarshen. Yatsunta suka tsaya a kan wani ɗinkin zare.

"Shadrak," ta ce a hankali. "Wannan tawa ce."

Ashe da safe ya haɗa da ƙwaryarta cikin wanki bai lura ba. Ya kai hannu zai juya ta, ta buge hannun.

"Bari! Duhu ya yi. In ka buɗe ɗaya yanzu, duk za su dawo. Sai rana ta fito."

Ya goya gwaggo, ya bar keken a nan, ya yi ta gudu har ya hango fitilun gari.

Gari na wayewa ya koma. Tun daga nesa ya hango hayaƙi. Leburorin Maikuɗi sun riga shi, sun tara tabarmi da ƙorai a tsakar gida sun cinna musu wuta.

"Tarkacen kutare," in ji Maikuɗi yana toshe hanci. "Wa zai ci abinci a ciki?"

Shadrak ya tona tokar da hannunsa har ya ƙone. Bai sami ko ɓallin ƙwarya ba.

Ya kai gwaggo Rijau kamar yadda ya yi alkawari. Ya saya mata sabuwar ƙwarya, matarsa ta yi tuwo mai laushi, ta dama kunu. Duk abin da aka sa mata a baki sai ya dawo. Ko ruwa ba ya wucewa. Ya durƙusa a gabanta yana kuka, yana roƙon ta daure ta haɗiye ko loma ɗaya.

Ta lalubo kansa ta shafa.

"Ba ƙi nake yi ba, ɗana. An riga an sallame ni."

Kafin mako ya zagayo suka binne ta.