Hannunsa na Dama

Ranar da Umma, mahaifiyar mijina, ta faɗo mana gida ba zato, ta tarar da abin da ni kaina ba na son gani. Ɗanta na zaune a bakin tebur, na sanya masa ƙatuwar safa mai kauri a hannunsa na hagu mai lafiya, yana kokawa da cokali da na daman da ya shanye. Shinkafa duk ta zube a gaban rigarsa. Ni kuwa ina gefe a zaune ina kallo.

"Ke wace irin mace ce?" ta ce. "Mijinki na fama, kin zuba masa ido..."

"Umma, ki yi haƙuri, magani ne."

"Yunwar ce magani?"

Ta fizge safar ta yar, ta karɓe cokalin ta fara ba shi a baki. Ya buɗe bakin, bai ko dube ni ba.

Tun da hawan jini ya kayar da shi a shagonsa na ɗinki muke zarya sashen gashin ƙashi a asibiti. Ƙafar ta dawo, har yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Likitar sashen, wata mata mara wasa, ta ce mini ƙwaƙwalwa malalaciya ce, in ta ga hannu ɗaya na yin komai sai ta manta da ɗayan. Don haka a riƙa rufe mai lafiyar na ɗan lokaci kullum, a bar mara lafiyar ya ɗauki kofi, ya juya murfin kwalba, ya ɓalle maɓalli. Ta kuma ja mini kunne cewa duk abin da na yi masa don tausayi, hannun nake cuta.

Ni da a da ko ruwa ba na barinsa ya ɗebo da kansa. Sai in shige banɗaki in sha kukana, in wanke fuska in fito ina murmushi.

Umma ba ta tsaya jin wannan bayanin ba. Ta ce za ta tafi da ɗanta gidanta, inda za a kula da shi kamar ɗan mutum. Na juya gare shi, ina da yaƙinin zai ce a'a.

"Ki bar ni in tafi, 'Yar Rigima," ya ce da harshensa mai nauyi. Haka yake kirana tun muna saurayi da budurwa. "Na gaji... Kullum in na ɗaga ido ina neman matata, sai in ga mai gadi. Ke yarinya ce. In ma takardarki kike so..."

"Kada ka ƙarasa."

Bai ƙarasa ba, amma ya tafi.

Na yi fushi ba kaɗan ba. Na ce wa kaina ba zan taka gidan nan ba sai ya neme ni. Bai neme ni ba, ita kuma zuciyata ba ta da kunya. Bayan 'yan makonni na yafa mayafi na kama hanya, ina tafe ina shirya maganganun da zan gasa musu.

Na tarar da Umma durƙushe a gabansa da roba cike da ruwan ɗumi. Ya yi ƙiba, kayansa fes, amma hannun ya naɗe ya manne a ƙirjinsa. Yatsun sun dunƙule har farce ya ji wa tafin ciwo. Tana jan su da ƙarfi don ta wanke, shi kuma yana runtse ido.

Ta ɗago ta gan ni. Ko gaisuwata ba ta jira ba.

"Ya ƙi buɗuwa," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Da ya zo yana buɗewa..."

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na durƙusa kusa da ita na nuna mata yadda aka koya mini: ba a jan yatsu, sai a tallafi wuyan hannun a ɗan karya shi ƙasa, a fara fitar da babban yatsa a hankali, sauran sai su saki da kansu. Muka wanke tafin tare, muka tsane shi.

Shi kuwa ya amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa, ya sunkuyar da kai. Na zauna ina jiran ko kalma ɗaya, har na gaji da jira. Raina ya ba ni cewa auren nan ya ƙare ke nan. Na miƙe na yi wa Umma sallama, na bi ta gefensa na dama zan fita.

Sai ga hannunsa na hagu ya taso zai tare ni. Kafin ya iso, Umma ta cafke shi da hannuwanta biyu ta danne a cinyarta.

"Umma, ki sake ni..."

"Ba zan saka ba," ta ce, tana kuka. "In kana son matarka, ga ɗayan nan."

Na tsaya cak. Ina jin numfashinsa na fita da ƙyar. Kafaɗarsa ta dama ta ɗaga, hannun ya rabu da ƙirjin yana karkarwa, ya doso gefen mayafina, ya kuskure, ya faɗi a kan gwiwarsa. Allah ya sani, kamar in miƙa masa mayafin in huta. Na cije leɓe na ƙi.

Ya sake ɗagowa, gumi na tsattsafo masa a goshi. A wannan karon yatsu biyu suka buɗe, suka kama bakin mayafin.

"Kada ki tafi, masoyiyata..."

Riƙon bai kai na jariri ƙarfi ba. Da na ɗan motsa, da ya kuɓuce masa. Ban motsa ba.