Ƙyallen da Aka Wanke

Ku matso, yara, ku buɗe kunne. Ni ba na maimaita labari.

A wata unguwa a bayan Dutsin-Ma, kan hanyar Kurfi, wani Alhaji ya kafa injin narka tsofaffin robobi. Hayaƙin ba ya tashi sama. Rarrafe yake yi cikin lungu kamar mai neman wani. Tsuntsaye suka bar darbejiya. Zakaru suka daina cara. Ni da na bi ta can sau ɗaya, hulata ma sai da ta yi tari kwana uku.

Gidan su wata yarinya 'yar aji biyar ne ya fi kusa da injin. Ƙanenta Talha tari yake yi har ya durƙusa.

Mai unguwa Sa'idu ya tara jama'a. Ya ce, "Kowane gida a shanya farin ƙyalle, kwana bakwai, kada a taɓa. Duba-gari zai zo ya ga abin da muke shaƙa."

Innar yarinyar ta shanya nasu. Ta ce, "Ke, kin dai ji. Ko kusa da shi."

Rana ta uku da safe Inna ta kai Talha asibiti. Yarinya ta fito shara. Gidan tsit. Ba iska, amma ƙyallen yana motsi. Ta matsa. Ga baƙaƙen layuka biyar dogaye, kamar an ja yatsu daga sama har ƙasa.

Tsintsiya ta faɗi. "Wayyo, aljani ya shafa!"

Ta fizge ƙyallen, ta wanke shi tas da sabulu, ta mayar. Kashegari yatsun suka dawo. Ta sake wankewa a ɓoye. Haka kullum.

Inna ta ce, "Ikon Allah, namu ya ƙi baƙi." Yarinya ta kau da kai.

Ranar taro aka baje ƙyallaye gaban duba-gari. Duk baƙi ƙirin, sai ɗaya. Alhaji mai inji ya ɗaga shi sama.

"Da wannan gidan katanga ɗaya muke. Ku duba, fari fat! Sauran a bakin murhu suka rataya nasu."

Duba-gari ya rufe littafinsa, ya nufi babur. Sai tarin Talha kawai ake ji.

Yarinya ta miƙe. "Ni... ni na wanke."

Inna ta dafe ƙirji. "Ke?"

"Yatsun aljani na gani a jiki, Inna. Tsoro na ji."

Duba-gari ya juyo. "Da safe kike ganinsu?"

"E, Malam."

"Raɓa ce. Tana gangarowa da baƙin hayaƙin. Aljanin naki ga shi can yana fita ta bututu." Ya dubi mai unguwa. "Shaidar ta lalace. Sai an sake kwana bakwai."

Ba wanda ya doki yarinya. Amma kwana bakwai ɗin nan, duk tarin da Talha ya yi sai ta ji shi a nata ƙirjin. Yatsun suka dawo. Ta tsaya ta dube su, ba ta taɓa ba. Ko akuya ta matso, sai ta kore ta.

Rana ta bakwai ƙyallen ya fi gindin tukunya baƙi. Alhaji ya duba, ya sosa ƙeya. Aka umarce shi ya kwashe injin zuwa bayan gari, nesa da gidaje. Matasan unguwa har taya shi lodi suka yi.

Bayan wata ɗaya Talha ya tsere wa yayarsa a guje har ƙofar makaranta.

Inna ta ce mata, "Kin gani? In abu ya ba ki tsoro, faɗa wa manya. Kada ki ɓoye. In kuma kin yi kuskure, faɗi gaskiya da wuri."

Yarinya ta ce, "Na ji, Inna. Amma yanzu zan iya wanke ƙyallen?"

Inna ta tuntsure da dariya. "Wanke! Ki haɗa da kwanuka."